Tayoyin Ƙasar Ƙanƙara a Hanyar Funtuwa

A makon jiya wani matashi ya tsaya a bakin shagona a Sabon Garin Zariya, takardar gama jami'a a jaka, waya biyu a hannu, ya ce yana so ya taɓa harkar taya kafin aikin gwamnati ya fito. Na ce madalla, me ya sani game da taya? Ya yi dariya ya ce, "Baba, taya ai taya ce. Baƙa ce, tana juyawa." Na mirgino masa ɗaya, na ce ya karanta mini abin da ke rubuce a jikinta. Ya karanta sunan kamfani da kyau, har da lafazin Turawa. Daga nan karatu ya ƙare. Saboda shi da ire-irensa nake wannan rubutu, kuma ban yi masa dariya ba, domin ni na taɓa yin abin da ya fi nasa muni, alhali ina ganin na iya karatun.

Shekara tara na yi ina koyarwa a wata firamare a Basawa kafin in ajiye alli. Shi ya sa har yau a kasuwa ba a sanni da Iliyasu ba, Ticha ake ce mini. Wanda ya karɓe ni Baba Ishaya ne, mai faci a Muciya, mutumin da bai wuce aji uku ba amma yana iya gaya maka wace taya ce ke sace iska tun motar ba ta gama tsayawa ba. Na je wurinsa da gogaggiyar riga da biro a aljihu. Ya dube ni, ya dubi biron, ya nuna mini wani tsohon baho cike da baƙin ruwa.

Wata uku na yi a gaban wannan baho. Aikina in tsoma tub, robar cikin taya, in juya shi a hankali, in nemi inda kumfa ke fitowa. Hujin ƙusa ko makaho zai same shi. Amma akwai hujin da ke sakin kumfa ɗaya, ya yi shiru har ka fara tunanin abincin rana, sannan ya saki ta biyu. Irin wannan ne ke ajiye mutum a daji. Sai da na iya jiran kumfa ta biyu Baba ya bar ni na taɓa liba, ƙarfen nan da ake ɓamɓare taya daga rim da shi. Ranar farko na tsaga bakin tayar wani soja, na kuma tsaga babban yatsana. Baba ya duba tayar tukuna.

Kayan aikinmu ba su da yawa: jak, sifana, liba biyu, injin iska, geji na auna iska, da ɗan makullin da bai kai rabin ashana ba, na kwance bawul, bakin da ake ɗura wa taya iska. Geji shi ne wanda masu mota suka fi rainawa. Mutum zai zo ya shuri taya da takalmi, ya saurara kamar likita, ya ce a ƙara. Direban tasha kuwa so yake a ɗirka mata iska har ta yi tauri kamar turmi, wai don kada mota ta sha mai. In kuma mutum ya sayi sababbi biyu, ba sai an tambaye shi ba, gaba za a ɗaura su. Haka muka tarar, haka muke yi, babu wanda ya taɓa tambayar dalili.

Inda na fi Baba, a ganina, karatu ne. Yawancin tayoyin da muke sayarwa na gwanjo ne, waɗanda ake kira Beljiyam, an mora a can an turo mana saura. Jikinsu cike yake da rubutu, ni kuwa na zauna na haddace shi kamar jadawalin lissafi. Wannan lamba faɗi, wannan tsayi, wannan girman rim, waɗannan huɗun kuma mako da shekarar da aka ƙera ta. Idan mai saye ya zo sai in gyara tsayuwa in yi masa darasi, yana gyaɗa kai. Da Baba ya tsufa ya koma zaman benci, ya bar mini sayen kaya, yana cewa, "Ku tambayi Ticha, shi ke jin Turancinsu."

A shekarar da nake kira mummunar shekara, wani dillali ya kawo mini kaya cikin mota guda, irin da ban taɓa gani ba. Zanensu da zurfi, yatsa na shiga har gaɓa. Kowane haƙori an yi masa ƙananan tsage kamar da reza. Ka danna da babban yatsa ka ji laushi kamar sabon burodi. A gefen kowace akwai wata alama, ɗan tsauni mai kai uku da wani abu a ciki mai kama da fure. Alama ce kawai, babu rubutu, don haka babu abin karantawa. Na yanke wa kaina hukunci cewa tambarin daraja ta ɗaya ne. Ban tambayi kowa ba. Wa zan tambaya, alhali ni ake tambaya? Na sa musu suna mai fure, na ɗora musu farashi sama da na sauran, kuma cikin 'yan makonni direbobi da kansu suke zuwa suna cewa, "Ticha, akwai mai fure?"

Wata Asabar ce a tsakiyar bazara, lokacin da kwalta ke kama takalmi. Da safe Ɗanjuma direba ya kawo bas ɗinsa. Zumuntar mata ta cocin su Baba ta yi shatarsa zuwa ɗaurin aure a Funtuwa, kuma shugabar tafiyar Mama Rahila ce, matar Baba, wadda ta ciyar da ni tuwo shekara da shekaru ba ta taɓa tambayar yaushe zan daina zuwa ba. Tayoyin bas ɗin sun suɗe kamar tafin hannu. Na ce ba za a ɗauki Mama a kan waɗannan ba. Na zaɓo masu fure huɗu da hannuna, mafiya kyau, na ɗaura. Girman rim ɗin ya yi daidai, ban duba wani abu ba bayan wannan. Ɗanjuma ya shure su ɗaya bayan ɗaya ya ce, "Yau Funtuwa kusa ne." Wajen sha ɗaya suka wuce ta gaban shago, mata maƙil, kuloli da buhuna da akwatuna a sama, ana waƙa.

Ba su daɗe da wucewa ba wata jar mota ta tsaya. Ƙofa biyu gare ta, hanci dogo, cikinta ya kusa taɓa ƙasa. Mai ita wani malamin jami'a ne daga Samaru, Dakta Sa'idu, wanda ya yi shekaru yana karatu a wata ƙasa mai sanyi, ya dawo ya turo motarsa ta jirgin ruwa. Ya ce taya biyu yake so. Na gyara tsayuwa, na mirgino masa masu fure, na ce a ɗaura gaba ko?

Ya ce, "Baya. Wannan motar da baya take turawa. Injin na gaba, bayanta ba nauyi, in ƙafar baya ta zame sai ka ga kana kallon inda ka fito."

Sannan ya sunkuya ya dubi tayar, ya yi murmushi irin na wanda ya haɗu da tsohon abokin makaranta a kasuwa.

"Ikon Allah. Malam, ka san irin wahalar da na sha a kan waɗannan?"

Ya ba ni labari yana shafa ta. Ya ce shekararsa ta farko a can, da dusar ƙanƙara ta sauka, ya fito da motar nan da tayoyinta na yau da kullum. Bai bar layinsu ba ta yi juyi biyu ta tsaya tana fuskantar gidan da ya fito. Sai ya yi dabara irin tamu, ya sayi na ƙanƙara guda biyu ya sa a baya. Mota ta riƙa tashi lafiya, amma a kwana ta farko ya juya sitiyari ita kuma ta ce miƙewa za ta yi, ta je ta sumbaci shingen wata tsohuwa. A nan ya koyi cewa huɗu ake sa wa, iri ɗaya, ba a haɗa su da wasu. Ya koyi cewa siririya ta fi mai faɗi, domin mai faɗi yawo take a saman dusa, siririya kuwa nutsawa take ta kama ƙasa. Har buhun yashi yake ajiyewa a but don bayan ya yi nauyi. Ya ce ƙananan tsagen nan su ne ke cizon ƙanƙara, laushin kuma da gangan aka yi shi, don kada roba ta sandare a sanyin da ruwa ke zama dutse.

Ina sauraro ina jin daɗi, kamar yadda malami ke jin daɗin darasin wani malami. Na ce, "To ka ga, daraja ta ɗaya ke nan. Ga ma furen."

Ya ɗago ya dube ni. "Wane fure?"

Na nuna masa.

"Malam, wannan ba fure ba ne. Ƙwayar dusar ƙanƙara ce. Ma'anarta a cire tayar da zarar sanyi ya wuce. Can ma da rana ta fara ɗumi muke kwance su mu jibge a gareji. Nawa na bar wa maƙwabcina da zan taho. A kwaltar nan ta yau, in aka yi gudu, robar da ta yi laushi a ƙanƙara me kake gani za ta zama?" Ya juya tayar, ya sa yatsa a kan wata lamba da na saba tsallakewa domin ban san amfaninta ba. "Wannan kuma nauyin da za ta iya ɗauka ne. Ta ƙaramar mota ce. Mutum huɗu da jakunkunansu." Ya yi dariya. "Ai dai ba ka sa wa wata babbar mota ba."

Baba yana kan bencinsa a inuwa yana gyangyaɗi, bai ji komai ba. Na ja Dakta gefe na gaya masa zancen bas ɗin Ɗanjuma. Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Mutum nawa?"

"Sha takwas. Ban da kaya."

Na kira Ɗanjuma a waya. Ina jin waƙa da tafi a bayansa. Na ce ya tsaya duk inda yake. Ya ce, "Ticha, taya lafiya lau yake, kamar a kan katifa muke. Mun makara, sai na dawo." Ya kashe. Na kira Mama sau uku, wayar tana can ƙasan jaka tana yi wa kanta kiɗa.

Dakta ya buɗe ƙofa ya ce, "Shiga."

Ban taɓa zama kusa da ƙasa haka a cikin mota ba. Mun wuce Kwangila kafin in gama neman bel. A Samaru kuwa motar ta nuna iyakarta. 'Yan tuddan nan da ake yi a titi don rage gudu, kowanne sai Dakta ya karkace ya hau shi a kaikaice kamar mai tsallake kwata da sabon takalmi, masu acaɓa suna wuce mu suna yi mana sannu. Bayan Shika hanya ta buɗe, ya taka totur, na kama addu'o'in da na sani har da na shiga kasuwa. Duk baƙin abu da na hango a gefen titi sai gabana ya faɗi. Sau biyu tsohuwar roba ce, sau ɗaya akuya.

Abin da ya taimake mu, sun tsaya a Samaru ɗaukar mutum biyu, sun kuma bi layin mai. Mun cim musu bayan Giwa. Dakta ya sha gabansu yana danna hon, Ɗanjuma ya sauka gefe yana zagi, sai da ya gan ni ya sassauta.

"Ticha, lafiya? Wani ya rasu?"

Na sa hannu a tayar baya na janye da sauri. Ko tukunyar da aka sauke yanzu iyakarta ke nan. Warin roba yana tashi. Na yi masa bayani a gaggauce, ƙanƙara, laushi, nauyi. Ya dube ni, ya dubi sama inda rana take tsaye, ya ce, "Ƙanƙara. A Giwa." Matan da ke kusa da taga suka kwashe da dariya.

"Da safe kai ka ce babu irinsu a Zariya," in ji shi. "Yanzu wannan mai motar wasan yara ya zo ya gaya maka wani abu. Ni na ga taya da idona, sabo fil. Saura rabin awa mu isa. Ku shiga mu tafi."

Ya juya zai hau. Ba ni da hujjar da zan nuna masa, kuma gaskiyarsa ce, ni na yabe su. Na laluba aljihu na ji ɗan makullin bawul. Na durƙusa a tayar gaba na kwance, iska ta fita da kuka. Kafin ya zagayo na kwance ta biyu. Ya riƙe mini riga a ta uku, Dakta ya shiga tsakani, na ƙarasa ta huɗu da hannu ɗaya. Bas ta zauna a hankali kamar raƙumi, bawul huɗu suna aljihuna.

Waƙa ta tsaya. Mama Rahila ta sauko cikin ankon biki, ɗankwali ya tashi kamar rufin coci. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta taɓa buƙatar hakan ba.

"Iliya, yarinyar da za a ɗaura wa aure ni na yi wa uwarta wankan jegonta. Ƙarfe sha biyu ake shiga coci. Me ka yi mana?"

Na ce, "Mama, a ba ni minti goma."

Na karɓi jak ɗin Ɗanjuma, ya ba ni yana huci, na kwance tayar baya ta hagu na kwantar da ita. Ta waje ba ta da aibi ko ɗaya, furen nan yana nan yana sheƙi. Na kifa ta. A ɓangaren ciki, inda ido ba ya kaiwa, roba ta ɗaga ta yi ƙullutu kamar mangwaro, duk da babu iska a cikinta. Na danna da yatsa, fatar ta rabu da zaren, baƙin gari ya zubo.

Ɗanjuma ya tsuguna ya daɗe yana kallo. Sannan ya tashi ya koma gindin wata ɗorawa ya zauna ya cire hula. Mama ta tattare zaninta ta durƙusa a kan tsakuwa, ta taɓa wurin da kanta, ta dubi garin da ya manne mata a yatsa.

"A kan wannan nake zaune," ta ce. Sai kuma, "Wa ya ɗaura masa ita?"

"Ni ne, Mama."

"Kai ka zaɓa?"

"Ni na zaɓa."

Ta miƙe ta karkaɗe gwiwa. Ta juya ga matan ta ce a sauke kular shinkafa, tunda amarya ba za ta ci da zafi ba. Suka yi addu'a a tsaye, suka baje tabarmi a inuwa. Ni da Dakta muka koma Giwa muka samo tayoyin bas na gaskiya a wurin wani mai faci, aka ɗoro su a a-kori-kura, domin but ɗin jar motar ko ɗaya ba ya ɗauka. Sun isa Funtuwa ana raba kyaututtuka. Amma kafin su tashi, da na gama ɗaure ta ƙarshe, Mama ta miƙo mini shinkafa a murfin kula, nama ma biyu ta sa.

Da la'asar na tsaya gaban bencin Baba na faɗa masa duka, ban rage ba. Ya saurara idonsa a ƙasa. Da na kai wurin ƙullutun sai ya ɗaga hannu, na yi shiru. Ya shiga ciki ya fito da wuƙar da muke yanka faci, ya wasa ta a dutse ba gaggawa, ya miƙo mini, ya nuna tulin masu fure da ya kai rufi.

"Ka fara da wadda ta fi kyau," ya ce.

Na tsaga gefen kowace ɗaya, don kada wani ya tsince ta ya sayar. Masu yin guga da takalmi suka kwashe su a kura. Wannan shi ne sauƙin aikin. Mai wuyar shi ne waɗanda suka riga suka fita. Sauran shekarar nan a tashoshi na yi ta, daga Sabon Gari zuwa Samaru zuwa Jushi, ina durƙusawa gindin motocin mutane ina leƙen tayoyi, 'yan kamasho suna cewa Ticha ya taɓu. Inda na ga alamar sai in nemi direba in ce ni na sayar masa, kuskurena ne, ya zo in canza. Wasu suka zo. Wasu suka ce wayo nake in karɓe musu kaya mai kyau. Akwai wanda sai da na bi shi gida na yi magana da mahaifinsa. Shago ya rame, suna ya ɓaci, masu cewa a tambayi Ticha suka koma tambayar wani.

Na tuna fuskar kusan duk wanda na ɗaura wa, kuma na same su, ban da mutum ɗaya. Wani dattijo ne mai farar bas da lambar Gusau, ya tsaya sau ɗaya tak yana kan hanya, ya sayi huɗu, ya ce yara 'yan makaranta yake ɗauka. Ya yi mini godiya sosai da na zaɓar masa. Ban san sunansa ba. Na je tashar Gusau sau biyu, na kwatanta shi, aka ce masu farar bas da furfura suna da yawa.